Abin da na koya daga allon bayanin mutum-mutumi

Ku da za ku ci gaba da aiki a sashen adana kayan tarihi bayan tafiyata, ku riƙa kula da allon bayanin da ke ƙasan mutum-mutumi fiye da shi kansa ƙarfen. Daga waɗannan 'yan layuka rigima take tashi.

An ba ni aikin sake rubuta allon wani mutum-mutumi da jama'a suka daɗe suna ƙorafi a kansa. Mutumin ya gina makarantu, wannan gaskiya ne. Takardunmu kuma sun nuna dukiyar da ya yi ginin da ita daga aikin tilas ta fito. Na rubuta duka biyun. Shugaban sashenmu ya soke jimla ta biyu, ya ce ba tone-tone aka ɗauke mu yi ba.

Na kawo masa misalin Bristol a Ingila. An kafa mutum-mutumin Edward Colston a 1895, shekara 174 bayan mutuwarsa, da allon da ke yabonsa kawai. Alhali a shekarun da yake cikin Royal African Company, kamfanin Ingila mai cinikin bayi, kamfanin ya yi jigilar 'yan Afirka kimanin 84,000 zuwa bauta, kusan 19,000 suka mutu a hanya. A 2018 aka fara shirin ƙara allo na biyu mai bayanin hannunsa a cinikin bayi, aka yi ta jayayya kan kalmomi har maganar ta bi ruwa. Ranar 7 ga Yuni 2020 masu zanga-zanga suka ɗaura wa mutum-mutumin igiya, suka tuge shi, suka jefa shi cikin ruwan tashar jiragen ruwa. Shugaban ya saurare ni, ya ce can daban, nan daban.

Da allon namu ya fito, aka watsa masa fenti, hukuma ta kira mu. A gaban kowa shugaban ya ce ni na rubuta, kuma sunana ne a kan takardar. Bai ambaci rubutuna na farko ba. Abokan aikin da suka ga lokacin da ya soke jimlar ba wanda ya buɗe baki. Ni aka ɗauke daga aikin, ni aka riƙa nunawa a matsayin mai wanke azzalumi, ni da na yi ta roƙo a faɗi gaskiya. Har yau abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. Don haka duk gyaran da na sama ya umarce ku da shi, ku nema a rubuce, ku ajiye kwafi.

Sauran darussan gajeru ne. Mayar da mutum-mutumi ba ya kashe magana: a 2005 an sake kafa na Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam, wanda ya yi wa Kwango mulkin mallaka, a Kinshasa, bai yi cikakken kwana biyu ba aka sauke shi. A tambayi masu wuri tun kafin a kafa, don Jami'ar Ghana ta karɓi na Gandhi a 2016, malamanta suka yi ƙorafi kan abin da ya rubuta game da baƙaƙen fata, aka cire shi a 2018. Kuma saukewa ba shafe tarihi ba ce, tunda an nuna na Colston a gidan tarihi na M Shed da ke Bristol, a kwance, da fentinsa, ana bayyana wa masu ziyara yadda aka yi.

Rubutuna na farko yana cikin fayil ɗin aikin tare da takardun da na dogara da su. Idan kwamiti ya zauna kan makomar mutum-mutumin, ku kai musu shi yadda yake.