Kwatano ba tashar jirgin ruwa kaɗai ba ce

Yan uwa na Damagaram masu zuwa Kwatano sayen mota ko ɗauko kaya, don Allah ku riƙa ware ko wuni guda ku ga gari, yawancinmu daga por, wato tashar jirgin ruwa, sai masauki a unguwar Zongo sai gida, wallahi ana barin abin kallo da yawa.

Ni abin da ya fi tsaya min a rai Ganvie ne. Gari ne sukutum bisa tafkin Nokoue, an kafa gidajen kan itace a cikin ruwa, daga Abomey-Calavi ake shiga kwale-kwale. Kasuwarsu ma cikin jirage take ci, na ga wata mata tana miƙa tumatir da barkono daga jirginta zuwa na mai saye, ga wani yaro da bai wuce shekara bakwai ba yana tuƙa nasa shi kaɗai ko a jikinsa, mu da muka taso tsakanin duwatsu da rairayi sai mu riƙe baki kawai.

A cikin gari kuma ka tare zemijan, kabu-kabunsu kenan masu riga ruwan ɗorawa, amma a yi ciniki kafin a hau. Ya kai ka wajen mutum-mutumin Amazon, wato jarumar mace ta tsohuwar masarautar Dahomey, mai tsawon mita 30 da aka buɗe a 2022, sannan kasuwar Dantokpa, wadda za ta haɗiye Kasuwar Dole tamu har ta nemi ƙari.

Da la'asar sai bakin teku a Fidjrosse, ka sayi kwakwa a fasa maka ka sha ruwanta. Amma kar ka shiga wanka, igiyar ruwan wajen tana ja da ƙarfi sosai.