Kogon da na zana kamar gidan haya

Sana'ata zanen taswirar gini ce. Shekara bakwai ke nan ina zaune gaban kwamfuta a wani ƙaramin ofis a Kumasi, ƙasar Ghana, ina ja wa mutane layin ɗaki da falo da makewayi. A wannan aiki, kusurwa ta karkace ko da kaɗan ne, magini zai bugo waya ya tambaye ka ko lafiya. Ranar Asabar kuwa, bayan sallar Isha'i, mukan shimfiɗa tabarma a barandar gidanmu a Aboabo, a ɗora ataya, mu yi wasan labari. Ga wanda bai san shi ba, mutum ɗaya ne ke jan labarin, ya bayyana wuri da abin da ke cikinsa, sauran kowa ya riƙe jarumi guda yana faɗin abin da jarumin zai yi. In abu mai wuya ne sai a jefa ƙwaya irin ta ludo, amma mai fuska ashirin, ita za ta nuna ko an dace. Wanda ya fi suna cikin irin waɗannan wasanni shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Babu kuɗi a ciki, ba caca ba ce, ko da yake sai da kawuna ya zauna ya kalle mu dare guda cur kafin hankalinsa ya kwanta. Ni ne mai jan labarin, saboda haka zanen wuraren da za a shiga a wuyana yake.

Kogona na farko na zana shi a takarda mai gida-gida, kowane gida ƙafa biyar, kamar yadda aka saba a wasan. Dogon lungu a tsakiya, ɗaki shida hagu, shida dama, kowane ɗaki da dodonsa da akwatinsa. Na kwana uku ina gyara layukan. Da aka zo wasa, ana shiga ɗaki na uku ƙanwata ta ajiye kofin shayinta ta ce, "Yaya, wannan kogo ne ko gidan haya? Duk ɗakunan iri ɗaya ne." Ba da raini ta faɗa ba, abin da ta gani a zuciyarta ta faɗa. Kuma gaskiyarta ce. Hannuna ya zana abin da ya saba, irin gidajen zango masu ɗakuna a jere da tsakar gida ɗaya.

Bayan 'yan watanni aiki ya kai ni Techiman, sai na ƙara kwana ɗaya na wuce Buoyem, inda kogunan jemagu suke cikin duwatsun yashi. Tun kafin mu ga bakin kogon wari ya tarbe mu, warin kashin jemage mai hawa kai. Ba mu shiga a tsaye ba. Mun sunkuya, mun yi rarrafe, wani wurin sai da na juya kafaɗa kafin na wuce. Ƙasan ba shimfiɗaɗɗe ba ne ko taku biyu, ƙafa ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Can ciki mai yi mana jagora ya ce kowa ya kashe tocila. Na sha zama cikin duhu a Kumasi lokacin dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, amma wancan duhun yana da taga, yana da hasken wayar maƙwabci. Wannan kuwa ka ɗaga tafin hannunka gaban idonka ba ka ganin komai, sai kukan jemagu a bisa kanka da wata iska mai sanyi da ke shafar kunnenka daga inda ba ka sani ba.

A trotro, wato motar haya, kan hanyar dawowa na gane inda na yi kuskure, kuma abin ya ba ni mamaki domin maganin yana kan teburina na ofis kullum. Ba mu taɓa miƙa wa magini taswirar sama kaɗai ba. Dole a haɗa da zanen gefe, wanda ke nuna gini kamar an yanka shi da wuƙa daga rufi zuwa tushe. Kogo ya fi gini bukatar wannan, don rabin labarinsa hawa da sauka ne. Tun daga ranar, zanen gefe nake fara yi. Ina ramin da za a sauka da igiya, ina tsagar da ke can sama wadda sai an taka kafaɗar wani, ina wurin da mai sulke zai cire sulkensa ya tura shi gaba kafin ya ja ciki ya bi. Wannan na ƙarshen ya fi dodanni goma tayar wa 'yan wasa hankali, domin jarumi ba ya son rabuwa da abin da ke kare shi a wurin da ba ya gani.

Sai tambayar da ban taɓa yi wa kaina ba: me ya haƙa wannan kogon? Gida dai mutum ne ya gina shi don bukatarsa. Kogo kuwa galibi ruwa ne, kuma ruwa bai san da zuwanka ba. A dutsen farar ƙasa ruwan sama na narkar da dutse sannu a hankali cikin dubban shekaru, ya bar dogayen hanyoyi masu lanƙwasa da tsinin duwatsu rataye daga rufi. A tudun Shai, kan hanyar Accra zuwa Akosombo, manyan duwatsu ne suka jingina da juna suka bar sarari a tsakaninsu, haske na shiga ta nan da can. Ramin da mutum ya haƙa, irin na masu neman zinariya, kamanninsa dabam ne: matsattse, yana bin jijiyar ma'adini duk inda ta nufa, da itatuwan tokare waɗanda ke ruɓewa. Da zarar na yanke wane iri nake zanawa, sauran sai su zo da kansu. In ruwa ne ya haƙa, to ruwa zai dawo. Duk mun ga abin da ya faru a kogon Tham Luang na ƙasar Tailan a 2018, inda ruwan sama ya rufe wa yara goma sha biyu da kocinsu hanya, suka haura mako biyu kafin a fito da su. Daga nan na samu kogon da 'yan wasana suka fi tunawa: sun shiga da ƙafa a bushe, na ce musu sun ji tsawa daga nesa, bayan ɗan lokaci ruwa ya kai idon sawu. Ban sa musu abokin gaba ko ɗaya a rabin farko ba, amma babu wanda ya taɓa shayinsa.

Abin da ya fi sauya mini tunani, duk da haka, ba dutse ba ne. A yawancin labaran wasan da ke zuwa mana daga waje, kogo wurin mugun abu ne, ka shiga ka kashe ka kwashi dukiya ka fito. Na daɗe ina bin wannan ba tare da na lura cewa ba haka muka san kogo ba. Tun muna makarantar allo, kogo a wurinmu mafaka ne. A kogon Hira aka fara saukar da wahayi. A kogon Saur Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ɓuya tare da Sayyidina Abubakar kwana uku a hanyar Hijira. Samarin Suratul Kahfi gudun azzalumin sarki ne ya kai su kogo, suka yi barcin shekara 309. Waɗannan ba na sa su cikin wasa, sun fi ƙarfin haka, amma su suka gina yadda zuciyarmu ke kallon kogo. A tarihin ƙasar nan ma haka ne. Mutanen Shai a kan tudunsu suke zaune, kogunan na ba su kariya, har Turawan Ingila suka sauko da su a 1892. A Sankana, kusa da Wa, cikin koguna mutane suka riƙa fakewa daga mahara masu kamun bayi a zamanin su Babatu, ƙarshen ƙarni na 19.

Sai na koma tambayar kaina wa ya gudo nan, kuma me ya koro shi. Mai ɓuya yana bukatar ruwan sha, da inda zai ajiye hatsi, da tsagar da yaro zai zauna yana leƙen hanya, da mafita ta biyu wadda maƙiyi bai sani ba. Wannan mafita ta biyun ita ta raba ni da dogon lungu ɗaya tilo. Yanzu kowane kogo nawa yana da baki biyu ko uku, hanyoyinsa na zagayowa su haɗu, 'yan wasa su zaɓi ta inda za su bi, in abu ya yi tsanani su san akwai ta baya. A wani dare suka shiga da takubba a zare suna neman abin da ke sace awakin ƙauye. Na bayyana musu murhu mai duwatsu uku da tokarsa da ɗumi, dutsen niƙa da ya lotsa a tsakiya, da ɗan takalmin yaro ƙafa ɗaya. Abokina mai gyaran babur, wanda kullum shi ne farkon kai sara, ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, jarumina ya mayar da takobi kube, ya yi sallama." Wajen awa biyu aka yi ana sasanci tsakanin mutanen kogon da ƙauyen, ƙwayar ma sau uku kacal aka jefa ta.

Akwai iyakar da na sa wa kaina. Wasu kogunan wuraren bauta ne na mutane har gobe, kamar na Tengzug a duwatsun Tongo. Ba addinina ba ne, amma ba zan ɗauki sunan wurin da wasu ke girmamawa in cika shi da dodanni don nishaɗin dare ɗaya ba. Nakan ari siffar dutse, in ƙirƙiri suna da mutane nawa.

Taswirar kanta yanzu ba na nuna ta. Tana kan cinyata, su kuwa abin da fitilarsu ta haska kaɗai nake faɗa musu, da abin da hanci da kunne suka kawo. A ƙa'idar wasan, bakin wuta guda awa ɗaya yake ci, don haka nakan ajiye tsinken ashana a gaban kowa gwargwadon abin da ya ɗauko, in ɗauke ɗaya-ɗaya yayin da lokaci ke tafiya. Nakan kuma bar wasu wurare wayam, ba dodo ba akwati, sai ɗigar ruwa da amsa-kuwwa. Da farko ina jin kamar na yi musu rowa ne, sai na ga a irin waɗannan wuraren suke yin magana da juna, suna gardamar a ci gaba ko a koma.

Kogon wasan Asabar mai zuwa yana kan teburina tun shekaranjiya. Iyali arba'in ne suka fake a ciki tsawon damina biyu, na san rijiyarsu, na san rumbunsu, na san inda suke binne matattunsu. Abin da ya tsayar da ni hayaƙi ne. Mutum arba'in da iyalansu dole su yi girki, hayaƙin kuma dole ya fita ta wani wuri, kuma duk inda ya fita mahara za su hango shi daga kwari. Na zana tsaga mai tsawo da ke ɓullewa bayan wani magangarin ruwa, inda feshin ruwan zai haɗiye shi, amma a zanen gefe tsagar ta yi kwance da yawa, hayaƙi ba zai hau ta ba. Yau in na tashi daga ofis zan sake ɗaga ta.