Me muka ce wa na'ura ta nemo?

A aikin nazarin bayanai, shawarar da ta fi kowace nauyi ita ake yankewa da gaggawa, galibi a farkon taro, kafin kowa ya gama gyara zama. Shugaban aiki zai ce, "To, me muke so manhajar ta hasaso mana?" Wani ya leƙa jadawali, ya ga gurbin da ya cika babu giɓi, ya ce a ɗauki wannan. Magana ta ƙare. Sauran watannin kuma a cinye su wajen wasa lissafi don sakamako ya ƙara kaifi. Shekarun da na yi a wannan sana'a sun nuna mini cewa mafi yawan zaluncin da ake jingina wa ƙirƙirarriyar basira a wannan ɗan lokacin ake ƙulla shi, tun ba a rubuta wa kwamfuta umarni ko ɗaya ba.

Dalili shi ne abin da muke nema a zahiri ba ya cikin jadawali. Babu gurbin da aka rubuta "ma'aikaci nagari" ko "wanda ciwo ya fi ci". Abin da ke ƙasa shi ne wanda aka taɓa ɗauka aiki, da wanda aka kashe wa kuɗi, da wanda 'yan sanda suka taɓa kamawa. Sai mu ɗauki abin da ke hannu mu ce ya tsaya a madadin abin da muke so. Kama da wane kuwa ba wane ba ne.

Misalin da nake fara ba duk wanda ya shigo aiki a ƙarƙashina shi ne binciken da Ziad Obermeyer da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Science a 2019. Sun bi diddigin wata manhaja da ake amfani da ita a Amurka wajen zaɓo marasa lafiyar da za a ba kulawa ta musamman. Ba a gaya wa manhajar launin fatar kowa ba. An dai ce ta hasaso kuɗin da za a kashe wa mutum a gaba, bisa tunanin cewa wanda jikinsa ya fi tsanani shi zai fi cin kuɗi. Tunani ne da ke shiga kunne, shi ya sa ya wuce ba gardama. Sai dai baƙar fata a can, ko da ciwonsa ya kai na Bature, kuɗin da ake kashe masa bai kai ba, saboda hanyar zuwa ga likita ta fi yi masa wuya. Sakamakon haka, sai ya fi Bature jin jiki kafin a ba su maki ɗaya. Masu binciken sun lissafa cewa da an gyara wannan, kason baƙaƙen fata cikin masu samun kulawar zai tashi daga kashi 17.7 zuwa 46.5 cikin ɗari. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne manhajar ba ta gaza ba. Kuɗi aka ce ta hasaso, kuma ta hasaso shi daidai gwargwado. Duk gwajin inganci da za a yi mata za ta ci.

Haka ta faru da Amazon, kamar yadda Reuters ta ruwaito a 2018: sun koyar da manhajar tace masu neman aiki da takardun shekara goma, mafi yawansu na maza, sai ta dinga rage wa takardar da aka ambaci mata a ciki maki. Daga baya suka watsar da ita.

"Ai mun cire gurbin jinsi da na ƙabila." Na ji wannan jimla har na gaji. A wani aiki da muka yi wa wani kamfanin ba da rance, manajan ya faɗe ta yana murmushi, alamar an rufe babi. Muka roƙi wuni guda. Muka ɗauki guraben da suka rage, wato unguwa, irin waya, makarantar da mutum ya yi, da lokacin da ya cike fom, muka sa kwamfuta ta canko mana abin da aka ce an cire. Ta canko shi ba wahala. Da muka haska sakamakon a allo, mutumin ya cire tabarau ya goge, ya mayar, bai ce uffan ba. Tun daga nan wannan gwajin ya zama dole a wurina.

Sakaya suna ma haka yake. Tun a 1997 Latanya Sweeney ta haɗa bayanan asibiti na jihar Massachusetts, waɗanda aka goge wa sunaye, da rajistar masu zaɓe, ta zaƙulo bayanan lafiyar gwamna William Weld. Daga baya ta nuna cewa ranar haihuwa da jinsi da lambar yanki ta gidan waya sun isa a ware kusan kashi 87 cikin ɗari na Amurkawa ɗaya bayan ɗaya. Batun "ai sun amince" kuwa ba ya buƙatar dogon zance. A badaƙalar Cambridge Analytica, kamfanin da ya riƙa yi wa 'yan siyasa nazarin bayanan masu zaɓe, mutum kusan 270,000 ne suka sauke wata manhajar tambayoyi, amma aka kwashi bayanan waɗanda suka kai miliyan 87 a Facebook, domin kowa ya ja abokansa ba tare da sun sani ba.

Na kuma daina karɓar lamba guda a matsayin shaidar inganci. A 2018 Joy Buolamwini da Timnit Gebru sun gwada manhajojin tantance jinsi daga hoton fuska na wasu manyan kamfanoni: kuskure a kan maza masu hasken fata bai wuce kashi 0.8 ba, a kan mata masu duhun fata ya kai 34.7. In aka cakuɗa su wuri ɗaya aka fitar da matsakaici, lambar za ta yi kyau a rahoto. Don haka duk wanda ya kawo mini kashi casa'in da wani abu, tambayata ita ce su wa ke cikin ragowar.

Ana yawan kwantar mana da hankali da cewa akwai mutum a tsakani, shi ke da ta cewa a ƙarshe. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018 ma ta ba mutum 'yancin kada na'ura ita kaɗai ta yanke masa hukunci mai nauyi. Amma ma'aikacin da fayiloli suka yi wa tsibi, allo kuma ya nuna masa ja, ba zai yi jayayya da allo ba. A Holan, hukumar haraji ta yi amfani da tsarin auna haɗari da ke kallon ƙasar da mutum ya fito wajen farautar masu zambar tallafin renon yara. Dubban iyalai aka yi wa ƙazafi, aka tilasta musu mayar da kuɗi, har gwamnatin Mark Rutte ta yi murabus a Janairun 2021. Ba laifin manhaja kaɗai ba ne, dokar kanta ta yi tsauri, amma akwai ma'aikata a kowane mataki, kuma kukan iyalan ya ɗau shekaru kafin a saurara.

Wani ɓangaren kuma lissafi ba zai taɓa raba gardamarsa ba. A 2016 kafar binciken labarai ta ProPublica ta ce manhajar COMPAS, wadda wasu kotunan Amurka ke dubawa don auna yiwuwar mutum ya sake laifi, ta fi yi wa baƙaƙen fata kuskuren cewa za su sake laifi. Kamfanin da ya ƙera manhajar ya ce maki ɗaya ma'anarsa ɗaya ga kowa. Kowannensu yana da gaskiya a ma'auninsa, kuma masana suka tabbatar cewa muddin yawan sake kamun ya bambanta tsakanin rukunonin biyu, ba a iya cika ma'aunan nan gaba ɗaya. Dole wani ya zaɓa. Shi ya sa yanzu shafin farko na kowane rahotona yake ɗauke da abin da muka ce a hasaso, da waɗanda kuskuren zai fi faɗa wa, da gurbin sa hannun wanda ya amince. Shugabanni da dama sukan ce in mayar da shafin can baya, wasu kuma su tura wa mataimakinsu ya sa hannu.