Tsallakawa kai tsaye zuwa sashe a fayil ɗin bayanai: inda na kai

'Yan uwa masu koyo, barkanmu da war haka. Kamar yadda wasunku suka sani, dukkan bayanan ɗan lambun da nake nomawa a nan Jos, har da farashin kayan gwari da nake rubutowa idan na leƙa kasuwar Farin Gada, suna cikin fayil guda na zallan rubutu, kuma da Org mode na manhajar rubutu ta Emacs nake tsara shi, wato tsarin da Carsten Dominik ya fara a 2003. Kowane kanun sashe yana farawa ne da tauraro: guda ɗaya ga babban sashe, biyu ga wanda ke ƙarƙashinsa, haka har ƙasa. Yanzu fayil ɗin ya yi tsawon da gungurawa ta zama ɓata lokaci, shi ya sa na mayar da hankali a kan yadda zan faɗa sashen da nake so kai tsaye.

Na fara da maɓallan tafiya (a rubutun Emacs, C- na nufin riƙe Ctrl, M- kuma riƙe Alt): C-c C-n zuwa kanu na gaba, C-c C-p zuwa na baya, C-c C-u kuma ya hau da mutum zuwa uwar sashen. Suna da amfani idan wurin yana kusa, amma taki-taki ne. Shift da TAB yana naɗe fayil ɗin duka a bar kanun kawai, wannan ma yana taimakawa.

Abin da ya sauya mini aiki shi ne C-c C-j, wato org-goto. A yadda ya zo, yana buɗe kwafin jerin kanun ne mutum ya yi yawo a ciki har ya danna RET, wato Enter, kuma ni dai ban ga ya rage mini wahala sosai ba. Da na shiga saitunan Emacs na mayar da org-goto-interface zuwa outline-path-completion, na kuma sa org-outline-path-complete-in-steps ya zama nil, sai ya koma nuna mini cikakkiyar hanyar kowane sashe a layi ɗaya a ƙasan allo. Wannan yana da muhimmanci ga fayil irin nawa, domin ina da sashe mai suna Tumatir a ƙarƙashin Lambu, inda nake rubuta lokacin dashe da feshi, ina kuma da wani Tumatir ɗin a ƙarƙashin Kasuwa, inda farashin kwando yake. Jerin da ke nuna sunan kanu kaɗai ba ya bambanta su, amma yanzu ina ganin Lambu/Tumatir da Kasuwa/Tumatir kowanne daban. Da na kunna fido-vertical-mode, mai jero zaɓuɓɓuka yana tace su yayin da ake rubutu, wanda ya shigo a Emacs 28, haruffa kaɗan daga kowane ɓangare sun isa su tace jerin. Idan na gama dubawa, C-c & yana mayar da ni inda na baro, kuma ina ba ku shawara ku haddace shi tare da na tafiyar, domin komawa ita ce rabin aikin.

Akwai kuma imenu, wani jerin kanu da ake zaɓa daga ciki, wanda tun daga Emacs 29 ake kira da M-g i, sai dai mataki biyu kawai yake nunawa idan ba a ƙara org-imenu-depth ba. Na gwada shi na ajiye.

Matsalar da ta shafe mu masu rubutu da Hausa ita ce ta haruffa masu lanƙwasa. A wurin kwamfuta ƙ da k haruffa biyu ne da babu abin da ya haɗa su, haka ɗ da d, da ɓ da b, don haka wanda ya rubuta k yana neman sashen Ƙwari ba zai same shi ba. Ban yarda da cire lanƙwasar daga kanun don sauƙin nema ba, domin rubutu ne zai lalace. Dabarar da nake bi ita ce in fara daga tsakiyar kalma, in rubuta wari kawai, tunda fido ba ya tilasta a fara daga harafin farko. A neman kalma cikin fayil da C-M-s kuwa, rubuta [kƙ] yana kamo duka biyun.

Masu rubutu da tsarin Markdown, inda kanu ke farawa da #, a manhajar Vim ba a bar ku a baya ba: neman /^# sannan danna n yana kai ku kanu bayan kanu.

Abin da nake kai yanzu shi ne mahaɗai na cikin fayil. Idan na rubuta [[*Feshi]] a cikin bayanin kabeji, C-c C-o yana kai ni sashen Feshi, amma da zarar na sauya sunan kanun mahaɗin ya tsinke, don haka na fara ba sassan da nake yawan komawa gare su CUSTOM_ID, wato lakabin da ba ya sauyawa ko an sauya sunan kanun, na soma da na taki da na feshi kafin damina ta kankama.