Tarihin Rayuwata, Kashi na 23: Sikeli bai motsa ba, jikin ne ya sauya

Makon jiya na tsaya muku a inda aka sallamo ni daga asibiti bayan taifod ɗin da ya kwantar da ni, shekarar da na cika 66. Zazzaɓi ya tafi, bakina ya buɗe, kafin wani lokaci nauyina ya koma yadda yake. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ce, "Hajiya kin murmure, har kin fi da kyau." Ni kaɗai na san cewa in na yi sujada sai na dafa bango kafin in miƙe. Da na ga abin ya ƙi, sai na koma salla a kan kujera.

A haka 'yar ƙanena ta same ni. Likitar gashin ƙashi ce, a Zariya take aiki. Bayan mun gaisa ta jawo kujerar roba ta ce, "Gwaggo, harɗe hannuwanki a ƙirji, ki tashi ki zauna sau 5, kada ki dafa komai." Tana duba agogon wayarta, ni ina nishi. Ta ce wanda ya wuce daƙiƙa 15 ƙarfin ƙafarsa ya yi ƙasa, ni kuwa na wuce. Ta ɗauko tef ɗin ɗinkina ta zagaya cikina da shi. A mace, in ya haura santimita 88 akwai matsala, nan ma na haura.

Na ce mata ai sikeli bai nuna na ƙaru ba. Ta yi dariya ta ce, "Gwaggo, sikeli buhu yake aunawa, ba ruwansa da ko hatsi ne a ciki ko dusa."

Bayanin da ta yi mini ranar har yau yana kaina. Daga shekara 30 tsokar mutum take fara raguwa, kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a kowace shekara 10, bayan 60 kuma abin ya ƙara gudu. Kitse ne ke maye gurbinta, har cikin tsokar kanta yake shiga. Mu mata, da al'ada ta ɗauke, kitsen da yake zama a cinya da ƙugu sai ya koma ciki, ƙashi kuma ya fara rage ƙwari. Shi ya sa za ki ga tsohuwa da teɓa amma ƙafafunta sirara. Kwanciyar jinya ita ce mafi muni: an gwada a Amurka a 2007, tsofaffi masu lafiya suka kwanta kwana 10 kawai, suka rasa kusan kilo 1 na tsokar ƙafa. Abin da na mayar bayan taifod, yawancinsa kitse ne. Kuma tsoka ita ce ke zuƙe mafi yawan sukarin da ke cikin jini bayan an ci abinci, don haka raguwarta hanya ce ga ciwon suga.

Tana magana ina tuna kakata ta wajen uwa. Har ta tsufa tana surfe, tana jan guga a rijiya, tana tsugunne gaban murhu ta miƙe ba dafa komai. Ba ta taɓa jin wani abu wai shi motsa jiki ba, aikin gida ne ya riƙe mata jiki. Ni fa? Niƙa inji, ruwa famfo, unguwa mota. Tun da na ajiye aikin koyarwa, ko tsintsiya na ɗauka sai wani jika ya fizge: "Hajiya zauna, bari a yi miki." Ladabi ne, Allah ya yi musu albarka. Amma zan faɗa ko da ba za ta yi wa wasu daɗi ba: wannan tattalin da muke wa iyayenmu, na hana su ɗaga ko cokali, yana cikin abin da ke zaunar da su tun lokaci bai yi ba.

Na ce mata to ai ni tawa ta ƙare. Ta ce ina! A 1990 wata likita mai suna Maria Fiatarone ta ɗauki tsofaffi 10 a wani gidan kula da tsofaffi a Boston, masu shekara 86 zuwa 96, ta sa su ɗaga nauyi da ƙafa na mako 8. Ƙarfinsu ya ninka fiye da sau biyu, tsokar cinyarsu ta ƙara kauri. "Gwaggo, ke a cikinsu ai yarinya ce."

Ta tsara mini abin yi daidai da shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya: tafiya mai ɗan sauri da za ta kai minti 150 a mako, atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2, da koyon tsayuwa a ƙafa ɗaya saboda faɗuwa. Ta ja kunnena cewa tafiya kaɗai ba ta gina tsoka sosai, sai an sa ta aikin da ya ɗan fi ƙarfinta. Kayan aikina kujerar nan ce, da bango, da jarkar ruwa da nake ƙara mata ruwa kaɗan-kaɗan.

Sai abinci. Ni da koko da tuwo ne, nama kuwa haƙora sun raba mu. Ta ce tsoho yana buƙatar furotin, sinadarin abinci mai gina jiki, giram 1 zuwa 1.2 a kowane kilo na nauyinsa kullum, in dai ƙodarsa lafiya, ƙwai ɗaya kuwa giram 6 ne kacal a cikinsa. Wake, awara, kifi da kindirmo suka shigo kwanona, har da karin safe.

Da damina ta zagayo, sikeli yana nan kusan inda yake, amma zane ya fara yi mini yawa a ciki, kuma na mayar da kujerar salla falo.

Duk wannan a ɓoye nake yi, bayan asuba, ƙofa a rufe, don tsohuwa mai ɗaga jarka abin magana ce a unguwarmu. Ranar da babban ɗana ya shigo ba sallama ya tarar da ni da jarka a kowane hannu, da abin da ya ce wa 'yar ƙanen nawa a waya, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.