Shekara goma sha biyu a kan daɓe

Ni malamar firamare ce, kuma da albashin koyarwa nake ci nake sha, amma a unguwarmu ta Samaru da ke Zariya an fi sanina da sunan "uwar miji", domin a haka na fi fitowa a wasannin ƙungiyarmu. Wanda ya tashi a Samaru ba baƙon wasan kwaikwayo ba ne, tun da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ta fara koyar da wannan fanni a 1975, sun daɗe suna shigowa unguwa da ƙauyukan kewaye irin su Bomo, su saurari matsalolin jama'a, sannan su mayar musu da su cikin wasa. A irin wannan kallo na kamu da son abin.

Samun izini ya fi wasan kansa wuya. Ranar da na je wa mahaifina da maganar, sai da ya gama jan carbinsa ya ce, "'Yar nan, kin taɓa ganin 'yar mutunci a tsakiyar kasuwa tana ihu?" Na ce, "Baba, ai batun awon ciki za mu yi, kuma mai unguwa zai zauna a gaba." Goggona ce ta sa baki, bisa sharaɗin ƙanena ya riƙa raka ni gwaji, in kuma dawo kafin magariba. Kafin zuwana, wani saurayi ne yake ɗaura zani da kallabi ya fito a mace.

Ba mu da rubutaccen wasa. Shugaba yakan zayyana labarin fitowa bayan fitowa, kowa ya nemo kalmomin bakinsa, shi ya sa zancen yau ba ya zama na gobe. Ladanmu kuɗin mota ne da lemo, wani lokaci har kuɗin man janareto mu muke haɗawa. Tun da ƙungiyoyi irin su Tumbin Giwa ta Kano suka koma ga bidiyo a 1990, duk wanda ya iya wasa hankalinsa yana kan kyamara, ni ma an sha tambayata me nake jira.

Abin da ya riƙe ni shi ne, a daɓe ɗan kallo yana iya mayar maka da martani nan take. Wata Asabar, a wani ƙauye, ina tsakiyar hana surukata zuwa asibiti, ina cewa mu a ɗaka muka haifi goma, sai wata tsohuwa ta ratso da'irar da sandarta, ta kama gefen mayafina ta ce, "Ke baiwar Allah, ki ji tsoron Allah! Haka aka yi wa 'yata, ga marayunta can." Wuri ya yi tsit, sai ƙarar janareto. Kalmomina suka gudu, na durƙusa na ce, "Inna, na tuba." Shugaba ya yi wa sauran 'yan wasa alama su zauna, kuma ba mu ƙarasa wasan ba, domin matan wurin sun karɓe zancen har aka kira la'asar. Da za mu shiga mota, tsohuwar ta aiko jikarta da ƙwai biyar a cikin kwano, ta ce a ba surukar, ban da ni.