Wane zubi ne a kwamfutar Alhaji?

Shekara shida ke nan muna rubuta manhajar kwamfuta a nan Birnin Kebbi, ni da yara uku, shago ɗaya da sola a sama. Kwastomominmu masu kemis ne da makarantun kuɗi da dillalan shinkafa, daga Argungu zuwa Jega, akwai ɗaya ma can Yauri. Mutane na ɗauka wahalar sana'ar nan rubuta kod ne, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta ta bi, to wallahi abin da ya fi cin mana rai shi ne sanin wane zubi na manhajar ne ke zaune kan wace kwamfuta, don duk gyaran da muka fitar sabon zubi ke nan.

Lokacin kaka wani Alhaji dillali ya kira ni daga Jega ransa a ɓace, ya ce Injiniya abin nan naka ya fara ƙarya, buhu 120 muka loda rasit ya fito da 119. Na buɗe tawa na gwada, lissafi daidai. Na ce ranka ya daɗe wane zubi ne a wajenka, ya ce wanda yaronka ya sa min mana. To yaron sau uku ya sa masa, sau ɗaya da fulash, sau biyu ta WhatsApp aka tura fayil. Haka na hau mota har Jega, mutum na tsaye a kaina direban tirela na jira, sai can na gano yaron ya yi wani ɗan gyara a nan gaban kwamfutar bai rubuta shi ko'ina ba, wato abin da ke hannun Alhaji babu irinsa a ofis ɗinmu kwata-kwata.

Kuma fa muna da Git a lokacin, wato manhajar da ke adana tarihin duk canjin da aka yi wa kod, sai dai mun mai da shi rumbu ne kawai, a zuba a rufe. Shi Git ɗin Linus Torvalds ne ya rubuta shi a 2005 don aikin Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, kuma duk ajiyar da ka yi, wato komit, yana ba ta suna mai harufa da lambobi 40, a taƙaice a nuna maka bakwai na farko. Kwamfuta ba ta ɓata da wannan, amma ɗan Adam fa? Ka dubi 3f9a2c1 da b07e4d8 ka faɗa min wanne ya girmi wani. Balle ka ce mai shago ya karanto maka ta waya sabis na yankewa. Subversion, wata manhaja irin Git da ake yayi da can, 1, 2, 3 yake ƙirgawa saboda uwar ajiya ɗaya ce, Git kuwa kowa da cikakken kwafinsa, shi ya sa ba ya iya jera lamba haka, amma kuma shi ya sa muke aiki ko netwok ya ɗauke kwana biyu.

Da na dawo na kafa doka, ba abin da zai fita shagon nan sai an liƙa masa tag, wato lakabi irin v2.3 da ake manna wa komit. Sannan muka sa manhajar ta riƙa faɗin sunanta da kanta, akwai umarnin git describe da ke fitar da abu kamar v2.3-5-g3f9a2c1, ma'ana komit 5 bayan zubi na 2.3, kuma in ka ƙara masa --dirty zai tona asiri idan an taɓa kod ba a ajiye ba. Wannan layin muke bugawa ƙasan kowane rasit da ƙananan harufa. Yanzu ba na tambayar kowa komai, cewa nake ɗauko min hoton rasit.

In matsala ta ɓulla kuma ba mu san ranar da ta shigo ba sai git bisect, yana raba tarihin biyu yana tambayarka nan lafiya ko ba lafiya, komit 64 gwaji shida ya ishe ka kama mai laifin. Amma sai in manhajar tana iya aiki a kowane komit, shi ya sa nake faɗa da yaran kan ajiye aiki rabi da rabi da saƙo wai "gyara" kawai. Gyaran me?

Abin da har yanzu nake so a inganta, Git ya san tarihin kod ɗinmu tsaf amma bai san wa ke riƙe da wane zubi ba, wannan a wani littafi daban muke rubutawa da hannu, kuma ranar da yaro ya manta shi ke nan. So nake in buga sunan kwastoma in ga zubinsa da gyare-gyaren da bai samu ba. Mun fara haɗa namu ɗan ƙarami, kowace kwamfuta in ta samu data ta turo mana layin nan nata. Zuwa yanzu tara sun turo, ta Yauri ce ba ta leƙo ba tukuna, Asabar zan aika yaro.